Zanko da Bakan Gizo a Allon Kwamfuta



Mu masu koyar da zanen fasaha da allon zane muka tashi, da kamfas da fensir. A yau kuwa ɗalibinmu in ya je neman aiki wurin masu zanen gini, AutoCAD ake fara tambayarsa, manhajar da ta fito tun 1982.

Ga abin da ya fi damunmu. Siffofin da yaro yake tararwa a shirye, ƙofa da taga da matakala, na gini irin na Turawa ne. Zai nemi zanko ko bakan gizo irin na soron kakansa ya rasa, sai ya ɗauki abin da ya samu ya liƙa. Alhali maganin ba shi da wuya. Ya zana bakan sau ɗaya bisa awo, ya zaɓi ɗigon da za a riƙa kama shi, ya raɗa masa suna, ya adana shi a matsayin bulok. Daga nan ko sau hamsin yake so sai ya dasa shi, kuma in ya gyara na asali, sauran duk sun gyaru. Amma wanda bai iya fitar da baka da kamfas ba, kwamfuta ba za ta fitar masa ba, nan ne aikinmu yake.

Tsadar lasisi ba za ta tsayar da mu ba, domin LibreCAD kyauta ce, kuma tana yin bulok. Muna roƙon reshe ya ware mana mako guda a hutu mai zuwa, da ɗaki mai wuta, mu fara koyar da junanmu.