Jawabi Game Da Ruwan Da Ke Tafiya Ƙarƙashin Duwatsu Masu Ƙanƙara

Jawabin yau ya shafi wani ruwa da ke ɓulɓulowa daga gindin duwatsu a ƙasar Turai, da abin da masana suka gano yana ɗauke da shi.

A tsakiyar Turai akwai manyan duwatsu waɗanda ake kira Alps. Sun ratsa ƙasashen Faransa da Suwizalan da Italiya da Ostiriya. Can bisa kansu sanyi ya yi tsanani har ruwan da ya shiga tsakanin fasassun duwatsu da tsakuwa yakan daskare, ya ɗaure su wuri ɗaya. Wannan tuli yakan riƙa gangarowa sannu a hankali, wani 'yan inci kaɗan a shekara, wani ƙafa da dama. A Ostiriya kaɗai an ƙidaya irinsa fiye da 5,700, ko da yake da yawansu ƙanƙararsu ta riga ta narke. A shekarar 2010 aka huda wani a kwarin Schnals na Italiya, aka tarar ƙanƙarar da ke can ƙasa ta kai wajen shekara 10,000.

Ruwa yakan bi hanya biyu cikin tulin nan. Ruwan sama da na ƙanƙarar da ta narke yakan zurara tsakanin manyan duwatsun sama, ya fito cikin 'yan sa'o'i ko kwanaki. Sauran kuwa yakan nutse cikin lallausan yashi da ke ƙasa, ya yi watanni kafin ya fito. Wanda ya taɓa tona rairayin kogi da rani ya sami ruwa ya san irin wannan ajiya. Masana kan zuba rini a sama, sa'an nan su tsaya a bakin marmaro suna duban lokacin da launin zai bayyana. Ta haka suka san hanyoyin biyu. Ruwan ajiyar nan shi ke riƙe ƙoramu idan aka daɗe ba a yi ruwa ba.

To, amma ruwa ba ya tafiya hannu sake. Cikin waɗansu duwatsun akwai wani ma'adini mai ƙyalli kamar zinariya, wanda haɗin ƙarfe ne da farar wuta. Muddin yana daskare, ba ya ɓarna. Da zafin duniya ya ƙaru, ƙanƙara ta soma narkewa, sai iska da ruwa suka same shi. Daga nan ruwan yakan yi tsami, ya narkar da waɗansu ƙarafa, ya tafi da su.

A shekarar 2007 masanan Jami'ar Innsbruck suka ba da labarin tafki biyu da irin wannan ruwa ke zuba cikinsu. A tafkin Schwarzsee na Ostiriya, abin da ke narke cikin ruwan ya ninka sau 3 cikin shekara 20. A tafkin Rasass na Italiya ya ninka sau 18. Ƙarfen nikel, irin wanda ake gaurayawa wajen buga tsabar kuɗi, ya fi abin da doka ta yarda a sha har sau 10. Babu gari ko masana'anta kusa da wurin, ruwan kuma garau yake, ga sanyi.

Ƙasarmu ba ta da ƙanƙara, amma halin ruwa ɗaya ne ko'ina. Abin da ya ratsa, shi yake kawowa, shi ya sa wata rijiya take da ɗanɗanon kanwa, wata kuwa zartsi. Ido ba ya rabe ruwa mai lafiya da marar lafiya, sai awo. Saboda haka ana roƙon hakimai, idan aka gina sabuwar rijiya, ko ɗanɗanon tsohuwa ya sāke, su sa malamansu su rubuta wa ma'aikatan lafiya a zo a auna ruwan. Allah ya ba mu lafiya, amin.