Fumfunar Ƙasa da Fosfaros: Abin da ke Faruwa a Ƙarƙashin Kunya

Duk wanda ya taɓa ganin masara ta tsugune a gona, ganyenta na ƙasa ya rine ya koma jaja-jaja, alhali an zuba mata yuriya, to ya ga yunwar fosfaros da idonsa. A kan wannan yunwa zan yi magana yau, kuma ra'ayina shi ne ba za mu magance ta da buhun taki kaɗai ba, haka nan ba za mu magance ta ba tare da shi ba.

Fosfaros ba ya yawo a cikin ƙasa kamar naitirojin. Inda ya faɗi nan yake zama, a jar ƙasa ma sinadaran ƙarfe da alminiyom kan riƙe shi gam. Saiwa takan tsotse wanda ke gefenta, tazarar milimita 1 zuwa 2, daga nan ta tsaya ko da akwai saura kusa da ita. A nan fumfunar da masana ke kira maikoriza take shigowa. Tana kutsawa cikin saiwa, ta yi rassa ƙanana a cikin ƙwayoyinta, sannan ta miƙa zaruruwan da suka fi gashin saiwa siranta zuwa santimita da dama, su ratsa kafofin da saiwa ba ta iya shiga, su jawo fosfaros da zinki. Shuka kuma tana biyanta da sukari da maiƙo, wani lokaci har kusan kashi 20 cikin 100 na abin da ganye ya sarrafa. Wannan hulɗa tsohuwa ce ƙwarai, domin an ga alamarta a duwatsun Rhynie na Sukotlan masu shekara kimanin miliyan 400, kuma mafi yawan tsirran doron ƙasa suna yin ta. Rogo da albasa, masu saiwa mai kauri, sun dogara da ita sosai. Kabeji kuwa ba ruwansa da ita.

Sai dai fumfunar nan 'yar dako ce, ba mai kaya ba: tana ɗauko abin da ke akwai, ba ta ƙirƙirar ko ƙwaya ɗaya. Jigawar da muke noman gero a kanta, daga Katsina zuwa Maraɗi da Damagaram, tana cikin ƙasashen da suka fi talaucin fosfaros, kuma kowace kaka muna kwashe hatsi, mu kwashe kara, mu bar gona tsirara. Shi ya sa nake ganin hikima a dabarar da cibiyar ICRISAT ta gwada a Sadore kusa da Yamai, wato a sa kamar giram 6 na kamfa a kowane rami lokacin shuka, abin da bai wuce cikin murfin kwalbar lemo ba. Wannan ɗan kaɗan yana tayar da shuka da wuri. Idan kuwa aka lafta fosfaros fiye da kima, shuka kan rage karɓar fumfunar, tunda ba ta da dalilin biyan sukari a kan abin da ta samu a ƙofarta.

Ga wani abin da ya kamata ya tsaya wa kowane manomin dawa a rai. Idan saiwa ta ji yunwar fosfaros, takan fitar da wani sinadari mai suna sitirigolakton don kiran fumfunar, kamar yadda masu bincike a Japan suka tabbatar a 2005. To wannan sinadarin ne dai yake tayar da irin ƙuduji, wato wuta-wuta, da ke kwance a ƙasa shekara da shekaru yana jira. Ke nan ba banza ba manoma suke cewa wuta-wuta ta fi kama gonar da ta gaji. Gwaje-gwajen da aka yi a kan dawa a arewacin Kamaru sun nuna cewa inda fumfunar ta kama saiwa sosai, ƙuduji yakan ragu.

Wani zai ce, to a sayo fumfunar a leda a barbaɗa mana. Ina da ja a nan. Yawancin gonakinmu suna da tasu ta asali wadda ta saba da zafinmu da farinmu, kuma wadda ake sayarwa sau da yawa takan mutu a shago kafin ta isa gona, ko ta kasa gogayya da 'yar gida. A wurin renon dashe, ko a fakon da ya mutu, tana iya yin amfani. Wani kuma zai ce duk wannan wahala ce, a dai wadata mu da taki. Amma fosfaros haƙo shi ake yi, kusan kashi 70 cikin 100 na ajiyarsa ta duniya yana Maroko, kuma ko a shekarar da aka zuba shi ɗan kaɗan ne shuka ke samu. Duwatsun fosfat da ke Tawa da Sakkwato suna narkewa a hankali, don haka sun fi buƙatar mai jawo su zuwa saiwa.

Fumfunar ba ta iya rayuwa sai da saiwa mai rai. Manoman Ostireliya sun ga haka lokacin da suka riƙa barin gona fayau na tsawon lokaci, amfanin da ya biyo baya ya tsumbure saboda rashin fosfaros da zinki. A wurinmu ma kaftun tarakta mai zurfi kowace shekara yana tsinka zaruruwan, yayin da haɗa gero da wake ko gyaɗa, da barin kara, da kai takin dabbobi, suke raya su. Waken ma sai ya sami fosfaros ɗin kafin ƙululun saiwarsa su iya tara wa gona naitirojin.