Tsakuwar Ƙoda Ta Fita, Amma Ciwon Baya Ya Ƙi Tafiya

Yau zan amsa tambayar da ta yi ta maimaituwa a saƙonninku: "Tsakuwar ƙoda ta fita, amma har yanzu bayana na ciwo, fitsari na min zafi. Lafiya kuwa?"

To, bari in fara da abin da ya faru a jikinka. Bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara siriri ne, faɗinsa kamar milimita 3 zuwa 4. Ita kuma tsakuwa kaushi gare ta. Da ta bi ta wurin sai ta ƙurje shi, ya kumbura. Shi ya sa ɗan ciwon kwiɓi, yawan jin fitsari, ko ɗan ja-ja a fitsarin na 'yan kwanaki ba abin tashin hankali ba ne, matuƙar kullum sauƙi ake samu.

Amma fa in mako ya zagayo ciwon na nan, ko yana ƙaruwa, kar ka ce "ai ta fita". Wataƙila akwai wata tsakuwar a ciki. Wataƙila ƙwayoyin cuta sun shiga. Ko kuma hanyar ce ta toshe, fitsari ya taru ƙoda ta kumbura. A nan wajenmu ma, jinin da ya ƙi tsayawa kan iya zama tsargiya. Gwajin fitsari da hoton ƙoda ne kaɗai za su raba gardama.

Wannan kuma ina so ku riƙe shi da kyau. Zazzaɓi da rawar sanyi, amai ba ƙaƙƙautawa, ko fitsari ya tsaya gaba ɗaya: asibiti yanzu-yanzu, ko da tsakar dare ne. Cuta a ƙodar da ta toshe tana iya shiga jini ta yi kisa.

Don Allah a daina zuwa kemis ana ta haɗiyar diclofenac da ibuprofen. Suna ɓoye ciwon, kuma yawansu na lahanta ƙoda. Haka jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba.

Tsakuwa kan dawo, musamman da zafin nan namu. A sha ruwa lita 2 da rabi zuwa 3 a rana, wato leda 5 zuwa 6 na fiya wata, sai dai in likita ya taƙaita maka. A rage gishiri da dunƙule. In kuma ka kama tsakuwar, adana ta ka kai wa likita ya duba irinta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a shiri na gaba.