Aikin Gida a Ajin Turanci na Ƙarshen Sakandare: Darasi Daga Amurka



Gabatarwa

Wannan lacca ta shafi wani abu ne da kowane ɗan makaranta ya sani, amma ba kasafai akan tsaya a yi nazarinsa ba, watau aikin gida, ko jinga kamar yadda ɗaliban jami'a ke ce masa. Za a dube shi ne a ajin Turanci na shekarar ƙarshe ta sakandare a Amurka, aji na 12 ke nan a lissafinsu, inda 'yan shekara 17 zuwa 18 suke. An zaɓi Amurka ne sabili da ta shafe fiye da shekara 120 tana gardama a kan wannan al'amari, kuma gardamar a rubuce take. Abin da laccar ke neman tabbatarwa shi ne, ba a auna darajar aikin gida da yawansa, ana auna ta ne da abin da ya faru da shi bayan ɗalibi ya miƙa wa malami.

Abin da Ake Ba Ɗalibi

Da farko ya kamata a san cewa ga yawancin yaran Amurka Turanci harshen gida ne. Saboda haka ajin Turanci a wurinsu ya fi kama da ajin Hausa ga ɗan Kano ko Damagaram: ba magana ake koyo ba, adabi ne da rubutun insha'i. A makarantu da yawa an saba keɓe shekarar ƙarshe ga adabin Ingila, daga tsohuwar waƙar Beowulf da labaran Chaucer zuwa wasannin kwaikwayo na Shakespeare, musamman Macbeth da Hamlet. Waɗansu makarantu kuwa sukan koyar da adabin duniya, kuma littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart, na 1958, yana cikin waɗanda suka sami karɓuwa a makarantun ƙasar.

Ayyukan da ake bayarwa iri huɗu ne. Akwai karatun babi-babi da dare, domin a tattauna da safe. Akwai insha'in nazari, inda ɗalibi zai tsayar da ra'ayi guda a kan littafi, ya kare shi da hujja daga cikin littafin. Akwai doguwar takardar bincike, wadda kan ɗauki makonni, inda ake koyon neman bayani da ambaton inda aka samo shi. Sa'an nan akwai insha'in neman shiga jami'a, wanda ɗalibi ke ba da labarin kansa a ciki. A takardar nema ta bai-ɗaya da ɗaruruwan jami'o'i ke karɓa ba a yarda ya wuce kalma 650 ba. Duk huɗun nan abu ɗaya suke nufi, watau yaron da zai bar hannun malami nan da 'yan watanni ya iya karanta dogon littafi shi kaɗai, ya kuma iya kafa hujja a rubuce.

Tarihin Gardama

A shekarar 1900 Edward Bok, editan mujallar Ladies' Home Journal, ya rubuta sharhi mai zafi yana zargin aikin gida da lalata lafiyar yara. A 1901 majalisar dokokin Kalifoniya ta hana a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 15 aikin gida, kuma dokar ta zauna har 1917. Amma da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam Sputnik a 1957, sai hankalin Amurkawa ya tashi, suka ce 'ya'yansu wasa suke yi alhali na abokan gaba na karatu, aka ƙara jibga wa yara aiki. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 ra'ayi ya sāke juyawa. A 1983 kuma rahoton wani kwamitin ƙasa, mai suna A Nation at Risk, ya nemi a ƙara wa ɗaliban sakandare aikin gida ƙwarai da gaske. Mai lura zai ga cewa sau da yawa tsoro ne ke juya akalar, ba bincike ba.

Binciken da aka fi kafa hujja da shi na Harris Cooper ne, masanin halayyar ɗan'adam. A 2006, yana Jami'ar Duke, shi da abokan aikinsa suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi tsakanin 1987 da 2003. Sun gano cewa dangantakar aikin gida da ƙoƙarin ɗalibi ba ta da ƙarfi a firamare, amma tana da ƙarfi a sakandare. Sai dai ko a nan ma akwai iyaka, gama amfanin yakan ragu in aikin ya zarce kimanin awa biyu da rabi a dare. Wannan ya yi daidai da ƙa'idar minti goma, wadda ta ce a ba ɗan aji ɗaya minti 10, ɗan aji biyu minti 20, har zuwa ɗan aji 12 mai minti 120. A lura, minti 120 ɗin nan na dukkan darussa ne. Malamin Turanci da ya ɗora wa yaro shafi 50 a dare ya ci rabon malamin lissafi da na kimiyya.

Lissafin Malami

Ga inda gizo ke saƙa. Jingar lissafi ana iya duba ta da takardar amsa, amma insha'i sai an karanta shi jimla-jimla. A 1984 Theodore Sizer ya buga littafinsa Horace's Compromise, inda ya ƙago wani malamin Turanci mai ɗalibai 120, domin ya nuna halin da irinsa ke ciki. Lissafin ba wuya. In kowane ɗalibi ya miƙa insha'i ɗaya a mako, malami ya ba kowace takarda minti 10, an sami minti 1,200, watau awa 20, ban da koyarwa da shirin darasi. To, ɗayan biyu ne zai faru: ko malami ya rage ba da rubutu, ko ya riƙa ɗora maki a kan takardar da bai karanta sosai ba. Shi ya sa Sizer ya nemi kada ɗaliban malami guda su wuce 80.

Illar wannan babba ce. Yaron da aka mayar masa da takarda ba komai a kanta sai lamba ya koyi darasi guda, cewa ba mai sauraren abin da ya rubuta. Daga ranar zai rubuta domin maki, ba domin ya faɗi abin da ke ransa ba. Ashe insha'i huɗu da aka karanta, aka yi musu sharhi, aka mayar wa ɗalibi ya sāke rubutawa, sun fi ashirin da aka tara a kabad.

Gajeriyar Hanya

Tun can ɗalibai na neman hanyar kauce wa karatu. A 1958 Clifton Hillegass ya fara buga ƙananan littattafan CliffsNotes a jihar Nebraska, masu taƙaita wasannin Shakespeare. A 1999 SparkNotes ta kawo irin wannan a intanet kyauta. Amma waɗannan karatu kawai suke taƙaitawa, rubutun dai sai ɗalibi ya yi. Abin ya canza a watan Nuwamba na 2022, da aka fito da ChatGPT, manhajar da ke iya rubuta insha'i sukutum cikin ƙiftawar ido. Hukumar makarantun birnin Niyok ta toshe ta a Janairun 2023, sa'an nan ta janye hanin a watan Mayu na wannan shekara, da ta ga ba a tare ruwa da kwando.

Malamai da dama sun mayar da martani ta hanyar komawa rubutun hannu a cikin aji, da neman ganin zubin farko da na biyu kafin na ƙarshe, da sa ɗalibi ya kare takardarsa da baki. Haƙiƙa na'urar ba ta kawo sabuwar cuta ba, tsohuwa ta tona. Jingar da inji zai iya yi ba tare da malami ya gane ba, jinga ce da dā ma ba ta bukaci sanin ɗalibin ba.

Kammalawa

Halin ɗan aji uku na babbar sakandare a Nijeriya ya bambanta, domin Turanci harshe na biyu ne gare shi, kuma jarrabawar WAEC ko NECO ce a gabansa. Duk da haka lissafin Sizer bai san iyakar ƙasa ba, kuma daga jami'a ne malaman da za su fuskance shi ke fitowa. Sharuɗɗa uku ne suka fito daga tarihin nan. Na ɗaya, aikin ya zama mai iyaka, a yi la'akari da sauran darussa. Na biyu, ya komo aji, watau karatun dare ya zama shi ne abin tattaunawar safe, yadda wanda bai yi ba zai ji ya yi asara. Na uku, kada malami ya ba da rubutun da ba zai karanta ba, kada kuma hukuma ta ɗora masa ɗaliban da suka fi ƙarfin idonsa. In an kiyaye waɗannan, yaro zai bar sakandare da abin da na'ura ba za ta ba shi ba, watau sanin cewa tunaninsa abu ne da ake karantawa, a amsa masa.