Amsoshin Masu Sauraro: Ƙarar Da Ke Fita Daga Gaban Akori-kura

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga Panshekara, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, daga wani bawan Allah mai akori-kura Peugeot 504. Ya ce da ita yake ɗaukar kayan lambu daga bakin kogin Challawa zuwa kasuwar 'Yankaba, wani lokaci kuma ya yi jigilar kaya a kamfanonin Sharada. Kusan wata biyu ke nan gaban motar yana wata ƙara, ƙiiƙi-ƙiiƙi, kamar tsohon gadon ƙarfe. Wani makaniki ya sa shi ya canja shokazoba biyu, kuɗi sun tafi, ƙara tana nan. Shin ya ci gaba da aiki da ita, ko ya ajiye?

To malam, mun gode da wannan tambaya. Kuskuren da aka yi maka shi ne sayen magani kafin a gano ciwo. Ita ƙara, lokacin da take fita shi ke nuna inda take. Don haka ga gwaji guda huɗu da za ka yi a ƙofar gidanka, ba ka kashe ko kwabo ba.

Na farko, ka tayar da inji mota tana tsaye. In ka ji ƙarar tun ba ka motsa ba, musamman da sanyin safiya ko in ka taka totur, to ka zargi fambel. Ka yayyafa masa ɗan ruwa daga nesa, ka janye hannun riga daga fanka. In ƙarar ta ɗauke na ɗan lokaci, fambel ɗin ya cinye ko ya karkace. In ta ƙaru, ya yi sako-sako ne, ɗaurewa yake so.

Na biyu, ka kashe inji, ka sa yaron motarka ya riƙa danna gaban motar yana saki, gefe ɗaya bayan ɗaya, kai kuma ka durƙusa ka kasa kunne. In ta yi kuka a nan, to maganar ta koma kan bushin, wato robobin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ko kuma boljoyin. Ka samo ruwan sabulu ka riƙa fesa wa robobin ɗaya bayan ɗaya, ana dannawa. Wadda ka jiƙa ƙarar ta yi shiru, ita ce mai laifin. Sau da yawa ƙananan robobin sandar nan da ke hana mota tangaɗi ne, kuma suna cikin mafi araha a kayan gaba.

Na uku, ka juya sitiyari hagu da dama mota tana tsaye. In ƙarar tana bin juyawar, ka duba boljoyin da kan tayarod. Kowannensu yana da 'yar rigar roba mai riƙe giris. Da zarar ta yage, ruwan damina ya wanke giris ɗin, ƙurar hunturu ta maye gurbinsa, sai ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe.

Na huɗu, ka hau hanya mai kyau a hankali. Ƙarar da ke bin gudun taya, wadda ke canjawa in ka taɓa birki, daga birki take: ko ya cinye, ko tsakuwa ta maƙale. In kuwa ƙugi ne mai ƙaruwa da gudu, wannan boris ne.

Yanzu ga inda nake so kowa ya buɗe kunne. A cikin waɗannan duka, boljoyin ne mai kisa. Shi ne gaɓar da ke riƙe ƙafar mota, kamar ƙugu a jikin mutum. Fambel in ya tsinke, inji zai yi zafi, ka tsaya gefen titi. Amma boljoyin in ya fice, taya ce za ta kwanta, sitiyari ya daina jin magana. Duk wanda ke bin titunanmu ya taɓa ganin motar da ta durƙusa a tsakiyar hanya, taya ta lanƙwashe waje. To ka ƙaddara haka ta faru da lodin tumatir, ga tirela a bayanka a hanyar Challawa. Allah Ya kiyaye.

Ga yadda ake tabbatarwa. A ɗaga gaban da jak, a tokare da ƙaton gungume, kada kowa ya shiga ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da mota. Ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In tana kaɗawa, boljoyin ne ko boris. Ka kama ta gefe da gefe. In tana kaɗawa, tayarod ne. In ka ga haka, malam, ajiye motar nan, kada ka ce bari in yi sawu ɗaya tukuna.

Sai gargaɗi biyu. Kada ka bari a zuba wa bushin baƙin mai. Zai yi shiru kwana biyu, amma man yana kumbura roba ya ruɓar da ita. Haka kuma in an canja bushin, a sauke motar ta tsaya kan ƙafafunta kafin a yi wa notuna ɗaurin ƙarshe, in ba haka ba sabuwar robar za ta murɗe ta tsage da wuri. Bayan an taɓa tayarod ko boljoyin, a kai ta a daidaita ƙafafun, don kada taya ta riƙa cin gefe ɗaya.

Ita 504 sananniya ce a ƙasar nan, domin tun 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, kuma makanikan da suka san ta suna da yawa. In za ka shiga Ƙofar Ruwa sayen kaya, ka tafi da tsohon a hannunka a gwada. Araha ba ta ado, balle a kan abin da ke riƙe da ranka. Kuma kafin ka biya, ka ce wa makaniki ya nuna maka da idonka inda abin yake kaɗawa.

Malam, muna jiran wasiƙarka mu ji yadda aka ƙare. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Allah Ya tsare hanya, Ya ba da kasuwa mai albarka.