Maƙwabci Kafin Gida: Nasiha Ga Masu Ƙaura

 Ya 'yan'uwa, tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 ma'aikata suka kwaso iyalansu daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi, ƙaura ba ta yanke ba. Amma mai neman gida a Gesse, tambayarsa ba ta wuce kuɗin haya da ruwa da wuta.

Akwai abin lura ga Yahudawan Amurka masu riƙo da addininsu. A can, galibi unguwar da gida yake ita ce ke yanke makarantar gwamnatin da yaro zai shiga. Su kuma ba sa tuƙa mota ranar Asabar, saboda haka sukan nemi gida inda za su taka zuwa wurin ibadarsu, kusa da makarantar addini da mahautan da ke yanka bisa ƙa'idarsu. Unguwar Borough Park ta birnin New York shaida ce.

Rana ɗaya a mako ce ta ɗaure su da tafiyar ƙafa. Mu kuwa sau biyar ake kiranmu kullum. To, kafin mu biya haya mu tambaya: yaro zai iya takawa masallaci? Wa ke koyarwa a Islamiyyar unguwar? Sai ya tsallake babban titi kafin ya isa firamare? Mu zo da magariba mu ga inda yaran layin suke.

Haya ta shekara ce, amma abokin da yaro ya yi yana iya binsa har tsufa. Allah Ya shirya mana zuriya, amin.