Dawar Tsiro: Jawabin Malamin Gona ga Manoman Kakuri



Kun san kamfanin giya na Nigerian Breweries da aka buɗe nan Kakuri a 1963. Da can da sha'ir na ƙasashen waje ake aiki. A 1988 gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir, sai kamfanonin giya suka koma kan dawarmu. Da ma masu dafa burkutu sun daɗe da sanin cewa dawa sai ta tsira take ba da zaƙi. Wanda ba ya son harkar giya kuwa, ai Maltina ma da tsiro ake yin ta.

To, mai sayen dawar tsiro ƙwaya mai rai yake nema. Kada ku baza zangarniya a kan kwalta mota ta taka, ƙwayar fashewa take yi. A sussuka kan tamfol, a shanya har ta yi ƙaras a haƙori. Kada a gauraya kaura da farafara a buhu ɗaya, don ba sa tsira tare.

Kafin ku kai wa mai saye, ku ƙirga ƙwaya 100, ku naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ku riƙa yayyafa ruwa kwana 4. In waɗanda suka tsira ba su kai 90 ba, wannan ta tuwo ce, ku bar ta a gida.